Daga DC-3 zuwa 707: wane tsohon jirgi ya dace da mai tashi daga Maraɗi a kwamfuta?

Duk inda masu tuƙin jirgin sama a kwamfuta suka haɗu, ba a daɗewa hira take komawa kan tsofaffin jirage. Wani Concorde yake so, wani Boeing 707, wani kuma ya ce shi dai a kawo masa Caravelle irin na Air Afrique ya ga launin kore da fari a allonsa. Dalilin a fili yake. Jirgin zamani ka shigar masa da hanya, ka danna maɓalli biyu, ya kai ka. Tsohon jirgi kuwa sai ka sa hannu da ido da kunne, ka san zafin injin, ka lissafa mai, ka nemo hanya da allurar rediyo. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin jiragen nan yana cin kuɗi, yana cin makonni kafin a iya shi. Jirgin da aka yi wa aiki mai zurfi galibi ana sayar da shi tsakanin yuro 30 da 70, wato wajen jika 20 zuwa jika 46 na sefa, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne. Don haka kafin mutum ya saya, ko ya sa bakinsa cikin masu roƙon kamfanoni su ƙera wani, ya kamata ya auna abu uku: titin da zai riƙa tashi a kai, yawan hannayen da jirgin yake bukata, da ƙarfin kwamfutarsa.

Titi ne farko, don shi ne ba ya sauyawa. Filin jirgin Maraɗi, DRRM a cikin manhajoji, titinsa ɗaya ne, 08/26 (08 in an fuskanci gabas, 26 in an fuskanci yamma), tsawonsa wajen mita 1,850, kuma filin yana ƙafa 1,240 sama da teku. A takarda wannan ba tudu ba ne. Amma littattafan jirage suna lissafi ne da iska mai daraja 15 a bakin teku, tana raguwa da daraja 2 a kowace ƙafa 1,000, wato a tsayin Maraɗi ana sa ran kusan 12.5. Da ranar Afrilu kuwa 42 ba abin mamaki ba ne. Kowace daraja ɗaya ta ƙari tana ƙara wajen ƙafa 120, saboda haka fiffike da injin suna jin kamar suna ƙafa 4,800. Iska ta yi sako-sako, injin ya rage ƙarfi, jirgi ya ci titi da yawa kafin ya ɗaga. Da wannan ma'auni za a duba duk jiragen da ke ƙasa.

DC-3, inda ya kamata a soma

Douglas DC-3 ya fara tashi ranar 17 ga Disamban 1935. Idan aka haɗa da C-47 na soja da waɗanda aka ƙera a Rasha da Japan, an yi sama da 16,000. Air Niger, wanda aka kafa a 1966, ya yi aiki da shi, don haka ba baƙo ba ne a sararin ƙasar nan. Kuma ba sai an roƙa ba: ya shigo manhajar tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator kyauta a sabuntawar Nuwamban 2022, akwai shi a takwararta FlightGear, akwai na saye a X-Plane.

Injinansa biyu ne, Pratt & Whitney R-1830, kowane da silinda 14 jere biyu a da'ira, doki 1,200. Tada shi kaɗai darasi ne. Ka buɗe tagogin iskar da ke bayan murfin injin gaba ɗaya, ka zaɓi tankin mai, ka kunna famfon mai na lantarki, ka tura totur kaɗan. Sannan ka danna sitata ba tare da ka kunna magneto ba, wato abin da ke ba fulogi wuta, kana ƙirga kunnuwan farfela suna wucewa ta taga, tara ko goma sha biyu gwargwadon littafin da ka bi. Ƙirgan nan ba ado ba ne. Idan injin da'ira ya kwana, baƙin mai yakan tsiyaya ya taru a silindojin ƙasa, kuma ruwa ba ya matsuwa. In wuta ta kama fistan ya daki man nan, sandar fistan ta lanƙwashe. Bayan ƙirga sai ka kunna magneto, ka ɗan fesa mai, injin ya yi tari biyu uku, ya fitar da farin hayaƙi, ya kama. Idonka ya koma kan agogon matsin baƙin mai: in allura ba ta motsa ba cikin daƙiƙa 30, kashe shi. Kada ka ɗaga masa murya sai zafin baƙin mai ya kai daraja 40.

Ƙarfin injin da agogo biyu ake saita shi, matsin iskar da ke shiga injin a inci, da juyin farfela a minti. Lambobin da aka saba: inci 48 da juyi 2,700 a tashi, wajen 35 da 2,350 a hawa, 28 zuwa 30 da 2,050 a tafiya. Tsari yana da muhimmanci. In za ka ƙara ƙarfi, cakuɗin mai da iska farko, farfela ta biyu, totur a ƙarshe. In za ka rage, totur farko. Wanda ya juya tsarin zai tara matsi mai yawa a kan juyi kaɗan, mai ya riƙa fashewa a silinda maimakon ya ci a hankali, kan silinda ya ƙone. A sauka kuma akwai kuskure na kishiya: janye totur gaba ɗaya har iska ta zama ita ke juya injin. Ƙa'idar ita ce kada inci ya gaza juyi in an raba shi da ɗari, wato juyi 2,000 yana son inci 20 ko fiye. Ga zafinmu, agogon da ya fi bukatar tsaro shi ne na kan silinda: iyakarsa 260 a tashi, 232 a tafiya. Jiran minti goma a bakin titi da tagogin iska a rufe ya isa ya kai ka can kafin ka motsa.

Inda DC-3 ya fi kada mutane shi ne ƙasa. Tayarsa ta uku a wutsiya take, nauyinsa yana bayan manyan tayoyi, don haka da zarar hanci ya karkata, wutsiya sai ta nemi wuce kai. Ka daidaita a tsakiyar titi, ka gangara ƴan mitoci don tayar wutsiya ta miƙe, ka kulle ta. Ka tura totur a hankali zuwa inci 30, ka tabbata injinan biyu sun zo daidai, sannan ka ƙarasa. Wajen not 40 wutsiya za ta fara sauƙi (not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa). Kada ka ɗaga ta da gaggawa, don a lokacin ne juyin farfela yake fizgar hanci zuwa hagu. Ka tashi a not 84, gudun da linzamin wutsiya yake iya riƙe jirgin in injin ɗaya ya mutu. Yanzu ka ƙara da iskar hunturu: daga arewa maso gabas take zuwa, wato a titi 08 daga hagunka, kuma tana tura wutsiya dama, hanci ya ƙara komawa hagu. Fizga biyu sun haɗu a gefe ɗaya. Ƙafar dama ta zama a shirye tun kafin jirgin ya tambaya, sandar tuƙi kuma a karkace zuwa hagu, wajen iskar.

Wannan ne ya sa muke cewa kafin mutum ya sayi jirgi na biyu, gara ya sayi matakan ƙafa masu juya linzamin wutsiya. Sandar da ake murɗawa tana yi, amma hannu ɗaya ba ya iya raba murɗa da karkatawa da kyau a daƙiƙun nan. In kuɗin ya rage, sai akwatin liba uku, baƙa ta totur, shuɗiya ta farfela, ja ta cakuɗi.

Ga hanya, DC-3 kamar don yankinmu aka yi shi. Yana tafiya not 140 zuwa 150, yana shan wajen galan 90 zuwa 100 a awa daga tankunan da suka haura galan 800. Damagaram mil 110 ne na teku, ƙasa da awa ɗaya, kuma ba ka bukatar komai sai ido: ka bi babban titin mota ta Agye, Gazawa da Tasawa. Kano wajen mil 120, ka bar tafkin Madarunfa a ƙarƙashinka ka nufi kudu maso gabas. Yamai mil 290, awa biyu da ɗan abu. Ba shi da matsin iska a ɗaki, don haka ka tsaya ƙasa da ƙafa 10,000, ka sauko da ƙafa 500 a minti.

Masu injin huɗu na fistan

DC-6 ƙanen DC-3 ne, amma ya fi shi girma. Ya fara tashi a 1946, an ƙera 704, Air Niger da Air Afrique duk sun yi aiki da shi. Injinansa R-2800 ne, silinda 18, kuma a DC-6B kowane yana kaiwa doki 2,400 zuwa 2,500 idan an fesa masa ruwa da barasa a tashi. Yana da matsin iska a ɗaki, farfelunsa suna juyawa su taka birki. Kamfanin PMDG ya fitar da shi a Microsoft Flight Simulator a 2021, kuma yana cikin ayyukan da aka fi yi wa zurfi. Abin da ya sa mutum ɗaya yake iya tuƙa shi shi ne injiniyan kwamfuta da suka saka a ciki: ka ce masa ƙarfin hawa, ya saita liba da tagogin iska na injina huɗu. Shawararmu, a bar masa aikin a makonnin farko ana kallon abin da yake taɓawa, sannan a riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya.

A cike yana kai tan 48 da rabi, kuma a wannan nauyi yana son titin da ya kusa mita 1,900 ko da a iska mai sanyi. Maraɗi da tsakar rana ba ta ɗauke shi a cike. Amma Yamai ko Agadas ba sa bukatar cikakken tanki, don haka ka zuba man awa uku, ka rage kaya, ka tashi da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi. Lockheed Constellation mai wutsiya uku ya fi shi kyan gani, sai dai injinansa R-3350 sun yi suna wajen zafi da saurin lalacewa, kuma teburin injiniyansa yana gefe, ba ya ganuwa daga kujerar matuƙi. Ga mai allo ɗaya wannan wahala ce ta gaske.

Fokker F27 da ɗan'uwansa HS 748

A nan ne ra'ayinmu ya tsaya. In za a tambayi masu tashi daga Maraɗi jirgi ɗaya da za su haɗa baki su roƙa a yi musu da cikakken zurfi, F27 ne.

Ya fara tashi a Nuwamban 1955 a Holan, an ƙera kusan 800 idan aka haɗa da na Fairchild a Amurka, kuma Nigeria Airways ya yi shekaru yana zirga-zirga da shi tsakanin biranen arewa. Fiffikensa a sama yake, don haka farfela ta yi nesa da tsakuwa, kai kuma kana ganin ƙasa sosai. Nauyinsa wajen tan 20, fasinja 40 zuwa 50, gudu kusan not 250. Yamai awa ɗaya da minti ashirin. Titin Maraɗi ya ishe shi, haka na Damagaram da Tawa. Matuƙa biyu ne, babu injiniya, kuma komai yana gabanka ko bisa kanka.

Abin da ya sa yake da daɗin koyo shi ne injin Rolls-Royce Dart, mai ƙaran nan mai kaifi da duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Liba ɗaya ce take sarrafa mai da farfela tare, juyi 15,000 a tashi, 14,200 a tafiya. Amma injin bai san zafin gari da kansa ba. Akwai maɓallin daidaita mai da matuƙi yake saitawa daga jadawali, gwargwadon zafin waje da tsayin fili. Ka bar shi a cike da rana mai daraja 42, sai allurar zafin hayaƙin tabain ta haura iyaka tun kana tura liba. Haka ma a tadawa: ka danna sitata, ka jira juyi ya kai wajen 1,200 zuwa 1,500, sannan ka buɗe famfon mai, hannunka yana kansa, idonka a kan allurar zafi tana hawa da sauri. In ta nufi jan layi, rufe famfon nan take. Batiri mai rauni shi ne babban sanadi, don injin ba ya samun iskar da za ta sanyaya shi kafin mai ya kama. Don maido da ƙarfin da zafi ya cinye a tashi, Dart yana da tankin ruwa da metanol. Wannan injin ne da zai sa ka duba ma'aunin zafi kowace safiya kafin ka taɓa komai, kuma a garin da zafi yake sauyawa daga sanyin Janairu zuwa wutar Mayu, kowace tafiya da lissafinta.

Abu na biyu, F27 ba ya amfani da man haidirolik wajen tayoyi da birki. Iska ce a matse cikin kwalabe, wajen fam 3,300 a kowane inci murabba'i, kuma injina ne suke cika su a hankali. Mai yawan taka birki a hanyar zuwa titi, ko mai zagayen horo yana ɗaga tayoyi yana saukewa, zai ga allura tana faɗuwa. Farfelarsa ba ta juyawa baya. Bayan sauka kunnuwanta suna miƙewa su tare iska kamar faifai, shi ne birkin farko.

HS 748 na Ingila, wanda ya fara tashi a 1960, injin Dart ɗin ne, fiffike a ƙasa, an gina shi don titin da ba kwalta, kuma Air Niger ya yi aiki da shi. In tarihin gida ne ya fi damunka, shi za ka zaɓa. Mun fifita F27 ne don an fi ƙera shi, ƙasashe da yawa sun yi amfani da shi, saboda haka muryoyin da za su goyi bayan roƙon sun fi yawa, kuma kamfani yana duba yawan masu saye kafin ya ɗauki aikin shekara biyu.

Jet na zamanin da

Fokker F28 shi ne jet ɗin da ya fi dacewa da gajeren titi. Ya fara tashi a Mayun 1967, an ƙera 241, injinansa Rolls-Royce Spey biyu a wutsiya, fasinja 65 zuwa 85. Kamfanin Just Flight ya fitar da shi a Microsoft Flight Simulator a 2023, don haka a shirye yake. Ba shi da mai juya ƙarfin injin baya. Abin da yake da shi shi ne wutsiya mai tsagewa biyu ta zama birkin iska, da faranta a kan fiffike masu kashe ɗagawa bayan tayoyi sun taɓa. Dabarar ita ce a buɗe birkin wutsiya a gangarowa ta ƙarshe, injina su zauna da ɗan ƙarfi, ta yadda in an fasa sauka sai a rufe birkin kawai jirgin ya amsa. Totur da hannu ake riƙewa daga tashi har sauka. F28-4000 a cike tan 33 ne, kuma a zafin Maraɗi sai an rage. Da man zuwa Yamai da na ajiya yana fita.

Caravelle ya fi kowa shiga rai ga wanda ya girma da labarin Air Afrique, kamfanin da ƙasashen Afirka, har da Nijar, suka kafa a Yawunde a 1961, ya rufe a 2002. Jirgin Faransa ne, ya fara tashi ranar 27 ga Mayun 1955, an ƙera 282, shi ya fara kai injina wutsiya a jiragen fasinja na jet, tagoginsa masu kusurwa uku. Amma mai roƙonsa ya faɗi wanne. Caravelle III mai injin Avon ba shi da mai juya ƙarfi baya, lema yake saki daga wutsiya in titi ya yi gajere ko ya jiƙe. Samfurin VI-R yana da mai juya ƙarfin. Samfuran 10 da 11R kuma injin JT8D ne, su ne irin da Air Afrique ya yi aiki da su. Tuƙinsu da lissafinsu ba ɗaya ba ne.

Boeing 727 ya fara tashi a Fabrairun 1963, an ƙera 1,832, kuma mutanen Kano sun san shi a launin Kabo Air. Leɓɓan bayan fiffikensa masu hawa uku, waɗanda ake saukewa don a rage gudun sauka, suna ba shi damar sauka a titin da 707 ba zai kalla ba. Nan kuma tarkonsa yake. Da leɓɓan a daraja 40 jirgin yana jan iska ƙwarai, in ka janye totur sai ya riƙa nutsewa, injin JT8D kuma yana ɗaukar daƙiƙa shida zuwa takwas kafin ya taso daga ƙasa zuwa cikakken ƙarfi. Haɗurran da suka faru a Amurka a 1965 sun koya wa kamfanoni wannan. Ka sauka da daraja 30, ka riƙe injina a farke, kada nutsewa ta wuce ƙafa 1,000 a minti a kusa da ƙasa. Injin tsakiya, mai shaƙar iska ta lanƙwasasshen bututu, yakan yi tari in iska ta gefe ta yi ƙarfi ka tura totur da sauri. Kuma jirgin mutum uku ne. Teburin injiniya yana ɗauke da janaretoci, famfunan mai da matsin ɗaki, kuma mantawa da ɗaya yana kashe maka agoguna ko ya bar injin ba mai alhali tanki a cike. In ba a saka masa injiniyan kwamfuta ba, mutum ɗaya zai ƙare yana kallon tebur a lokacin da ya kamata ya kalli titi.

Boeing 707 shi ne jirgin alhazai na shekarun 1970, kuma sunansa yana haɗe da ranar baƙin ciki: 22 ga Janairun 1973, lokacin da wanda ya ɗauko alhazai daga Jidda ya yi haɗari a Kano, mutum 176 suka rasu, Allah ya jiƙansu. 707-320C a cike ya haura tan 150, yana son titin mita 3,000 ko fiye. Injinan waje suna rataye kusa da ƙasa, karkata kaɗan a sauka sai su goga kwalta. In an saka masa na'urar nemo hanya ta Carousel, wurare tara kawai take riƙewa a lokaci ɗaya, da hannu ake shigar da latitud da longitud, kuma tana son wajen rubu'in awa jirgin yana tsaye cak kafin ta daidaita. Jirgi ne mai daraja, amma gidansa Yamai, Agadas ko Kano. Vickers VC10 ya fi shi dacewa da Afirka, don an ƙera shi ne musamman saboda filaye masu zafi da tudu, injin Conway huɗu a wutsiya, fiffike tsaf ba abin da ke rataye. Tafiyarsa ta farko da fasinja a Afrilun 1964 daga Landan zuwa Legas ce. Guda 54 kacal aka yi, abin da ke rage masu roƙonsa.

Concorde kuwa ba na filinmu ba ne. Yana barin ƙasa a wajen not 200, aikinsa kullum tura mai tsakanin tankuna 13 don daidaita nauyi. Mai son sa ya tashi daga Dakar, inda na Air France ya riƙa yada zango a hanyar Rio daga Janairun 1976 zuwa 1982.

Duk wannan ya dogara da abin da kwamfutarka da layinka za su ɗauka. Microsoft Flight Simulator na 2020 yana son wajen giga 150 a faifai da ƙwaƙwalwar giga 16 don a ji daɗinsa. Na 2024 ya fi dogara da intanet, yana janyo ƙasa da jirage ana cikin tafiya, kuma kamfanin ya ba da shawarar layin megabit 50 a daƙiƙa. Ga mai sayen data a waya wannan kuɗi ne mai fita kullum, kuma in layi ya yi rauni, ƙasa ta zama dusu-dusu daidai lokacin da kake neman Gulbin Maraɗi don ka gane inda kake. X-Plane 12 sau ɗaya ake sauke yankin da ake so, sauran tafiya ba sai da layi ba, kuma ana iya zaɓen Afirka ta Yamma kaɗai. FlightGear kyauta ne, ba ya son babbar kwamfuta, yana da DC-3, Constellation, 707 da Concorde, don haka wuri ne mai kyau na gwada jirgi kafin a kashe ko dala. Jirgi mai agoguna masu allura ma yakan fi sauƙi ga kwamfuta bisa mai manyan allunan zamani. Saboda ɗauke wuta, a fi son tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba, ko a sa batirin riƙe wuta da zai ba da minti goma na ajiye tafiya. Kuma a riƙa busa ƙurar hunturu daga fankokin kwamfuta kowane wata, don in katin hoto ya yi zafi yana rage gudu da kansa, hoto ya riƙa tsinkewa a sauka.

Kyan hoto ba ya nuna zurfin aiki. Gwaji uku suna tona asirin kowane jirgi cikin rabin awa. Ka ajiye shi a titi 08, ka sa zafi 15, ka tashi, ka lura da inda tayoyi suka bar ƙasa. Ka maimaita da 42 ba tare da sauya nauyi ba. In wurin bai matsa gaba sosai ba, lissafin iska da injin na sama-sama ne. Na biyu, ka ci zalin injin da gangan: rufe tagogin iska a ƙasa in na fistan ne, buɗe mai da wuri in Dart ne, ka ga ko allura za ta hau, ko wani abu zai lalace. Na uku, ka kashe injin ɗaya bayan tashi ka ji ko jirgin zai ja gefe har ya bukaci ƙafa. Kafin saye kuma a nemi littafin jirgin, wanda kamfanoni da yawa suke bayarwa kyauta: in babu jadawalin ƙarfi da na nauyin tashi a ciki, babu su a cikin jirgin.

Mai rubuta roƙo ga kamfani ya guji cewa "ku yi mana Fokker" kawai. Ya faɗi samfurin, misali F27-200 ko F27-600 mai babbar ƙofar kaya, ya faɗi abin da dole ya yi aiki: maɓallin daidaita mai, ruwa da metanol, kwalaben iska, agogunan rediyo masu nuna hanya, wato VOR da ADF. Masu ƙera jiragen nan suna bukatar littattafan asali, hotunan ɗakin matuƙi da naɗin ƙarar injin, don haka wanda ya san tsohon makaniki ko matuƙi da ya ajiye littafi ya kawo abin da ya fi sa hannu ɗari. Launin Air Niger ko na Air Afrique kuwa ba ya bukatar roƙo. Galibin kamfanoni suna ba da fayil ɗin fenti, kuma duk mai iya manhajar zane zai ɗora shi a kan DC-3 ko DC-6 da ke hannunsa yau, da lambar rajista mai farawa da 5U in na Nijar ne.